Zakirar da Na Sa a Aljihu

Aikina turumba ne, injin da ke ɗaga ruwa daga kogi ya zuba wa gonakin ƙauyenmu, arewa da Rusairis. Shekara ashirin da 'yan kai ina tayar da shi, kullum bi da bi: a duba mai, a duba ruwa, a buɗe bakin bututu, sannan a ja. Wanda ya tsallake ɗaya ya ƙona injin jama'a. Haka nake son komai ya tafi, kuma haka na ɗauki muryar Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ke riƙe da labarin tasowar kakanni daga ƙasar Sakkwato, yadda uwarta ta ba ta shi, zango bayan zango. Yaran yanzu in ta yi musu Hausa, da Larabci suke amsa mata. Da ƙanena ya aiko mini da tsohuwar kwamfuta daga Kartum, sai na sayi ɗan makirfo na fara zama da ita bayan la'asar, ranar da aka kawo wuta. Zama talatin da ɗaya muka yi cikin rani biyu. Kowane zama na rubuta shi a littafi: lambarsa, ranarsa, da kalmomin da ta fara da su.

"Kai, akwatin ga naka yana ji, ko sai na yi ihu?" in ji ta ranar farko.

"Yana ji, Gwaggo."

"To ya hi ka. Kai tun kana yawo tsirara ba ka jin magana."

Ta rasu farkon damina. Daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Muryarta tana wuri ɗaya tak, cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ina bakin turumba ina tunanin gara, ina masallaci ina tunanin ruwa. So nake ta fita, ta kai ga danginmu na Gadarif da na Abu Na'ama.

'Yata ta fari tana koyarwa a Dinder, sai hutu take zuwa. Ta zo da ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta ta kama intanet, muka soka, ya ƙi. Ta ce nizamin ne ya tsufa, wato tsarin da kwamfutar ke tafiya a kansa, sai an sa sabo. Ta ƙara da cewa in jira ta dawo da filasha mu kwafe komai tukuna. Ban san mene ne filasha ba, ban kuma tambaya ba. Ban saba 'yata ta jera mini aiki ba. Tana komawa Dinder na naɗe akwatin a bargo na tari hafila, motar haya ta zuwa birni.

Sau uku na kai shi wurin wani mai gyara a Damazin.

Zuwan farko, mai gyaran ya buɗe cikinsa ya hure ƙura. Magidanci ne, jikan Hausawa, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cefane ba, don haka rabi da rabi muka yi magana. Ya ce kan injin zai iya ɗaukar sabon nizami da ƙyar, faifai ma zai isa, amma zakira ta yi kaɗan. Kalmar ta zauna mini daram. Zakira a Larabcin da na tashi da shi ita ce abin da mutum ke tunawa da shi. In tsoho ya ruɗe, cewa ake zakirarsa ta tafi. Ya nuna mini ita: sanduna biyu koraye, sirara, masu haƙora kamar mataji. Na dube su na ce a raina, ashe nan Gwaggo take. Irin tasu ta daina zuwa kasuwa, in ji shi, sai an nemo.

Zuwa na biyu, ƙanena ya aiko da sababbi daga Kartum, a hannun wani direba. Mai gyara ya ɗora ɗaya bisa gurbi, ya kira ni in gani da idona. Akwai 'yar tsaga a tsakanin haƙoran, akwai ɗan tudu a cikin gurbin, kuma sun saɓa da kamar faɗin farce.

"A ɗan danna mana," na ce.

"Ya hajj, turumbarka kana danna mata abin da ba nata ba?"

Gaskiyarsa ce. Na sake naɗe bargo. Sati uku ina zirga-zirga tsakanin kogi da gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har maiɗakina ta ce in ba zan zauna ba in daina tsaya mata a bakin murhu.

Zuwa na uku ya samo masu dacewa, ya ciro su daga wata kwamfutar da ta mutu. Gurbi biyu ne kawai a allon, don haka sai tsofaffin sun fita kafin manyan su shiga. Ya ɓalle su ya ajiye gefe, kusa da kofin shayinsa. Na nuna su da yatsa.

"Wannan ita ce zakirar duka?"

"Ita ce."

"Ba ni su nan."

Na naɗe su a hankici na sa a aljihun gaba, na maɓalle. Ya ce zai farmata faifai kafin ya ɗora sabon nizami, wato ya share shi tas, akwai abin da nake so a ciki? Na dafa aljihuna.

"Abin da nake so yana nan."

"Ka kwafe ke nan? Kwayyis, ya yi kyau."

Shi ya ɗauka filasha ce a aljihun. Ni na ɗauka Gwaggo ce. Kowa ya gyaɗa kai, na fita na sha shayi a bakin titi da kwanciyar hankalin da rabona da shi tun ranar jana'iza.

'Yata ta zo ƙarshen wata. Ta kunna, komai sabo fil, intanet ya kama. Ta bincika nan, ta bincika can, ta juyo.

"Baba, ina zaman Gwaggo?"

Na kawo gwangwanin da na adana hankicin, na warware a gabanta, ina jin kaina. Ta daɗe tana kallon sandunan.

"Baba, wa ya ce maka a nan suke?"

"Zakira ce. Shi ya faɗa da bakinsa."

"Wannan tafin hannu ce kawai. Tana riƙe abu muddin akwai wuta, in an kashe ta sake. Rumbun shi ne faifai." Muryarta ta yi ƙasa. "Me aka yi wa faifan?"

Na faɗa mata. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake ta gaya mini. Ta miƙa hannu ta zare wayar wuta daga bango, ta ce kada kowa ya sake kunnawa, duk abin da aka ƙara yana hawa kan na da ne.

Washegari muka shiga hafilar farko, ni da ita da bargo. Mai gyara ya ji bayani ya dafe kai.

"Ya hajj, ai na tambaye ka!"

"Ka tambaya, na amsa. Laifin ba naka ba ne. Yanzu mene ne na farko, mene ne na biyu?"

Na farko, ya cire faifan ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Na biyu, ya saki wani shiri da ke tono abin da aka share. Na uku, jira, kwana biyu. Mun sauka wurin wani ɗan'uwa a Rusairis. Ban iya zama ba. Na je bakin madatsar ruwa na dawo, na sake zuwa, na leƙa shagon har sau huɗu a yini ɗaya, sai da ya ce in na ƙara leƙowa zai ba ni tsintsiya.

Abin da ya fito tari ne marar suna, lambobi barkatai, an cakuɗa da tarkacen da ban sani ba. Nan littafina ya yi rana. 'Yata tana kunna kowane ɗaya, ina jin kalmomin farko, ina nemo lambarsa. Da muryar ta fara fita, tana cewa akwatin ga naka yana ji, mai gyara ya bar abin da yake yi ya tsaya. Ya ce haka kakarsa take magana.

Ashirin da shida suka dawo lafiya. Huɗu sun dawo da giɓi, tana cikin magana sai ƙara ta cinye ta. Zama na bakwai bai dawo ba sam. A littafi na rubuta a gabansa: zangunan hanya, daga Wadai zuwa Fashir. A zaman nan ne ta jera wuraren da ayarin ya sauka, goma sha ɗaya, har da rijiyar da uwarta ta binne ɗanta na fari a gefenta.

Ina wurin ranar da ta faɗe su. Amma idona yana kan allon kwamfuta, ina duba ko layin murya yana motsi, na bar wa akwati sauraro.

Kafin mu bar shagon sai da aka kwafe talatin ɗin a filasha biyu da faifan tafi-da-gidanka, kuma wannan karon na tambayi sunan kowane abu da aikinsa, na rubuta. A gida na buɗe sabon shafi na sa lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya, na zauna ina tono tawa zakirar. Cikin sati na samo shida. Wani tsoho a Abu Na'ama, da na kai masa filasha, ya cika mini biyu. Uku suna nan babu komai a gabansu, kuma rijiyar tana cikinsu. 'Yata ta ce in matse jerin ya zama takwas, in huta. Na ƙi. Goma sha ɗaya Gwaggo ta ce, na bar layukan a buɗe. An ce akwai wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Dinder da kakanninta suka biyo ayari ɗaya da namu. Na riga na tambayi ranar da hafila ke zuwa can.