Dakta Ngodoo Alexander da Ciwon Dajin Ƙaramin Hanji

Haihuwa da karatu

An haifi Ngodoo a garin Awe a shekarar 1959. Mahaifinta, Alexander Aondover, manomin doya ne, mahaifiyarta Francisca kuma tana sayar da gishiri a kasuwa. Ta yi firamare a Awe da sakandare a Makurɗi, sannan ta kammala karatun likita a Zariya a 1985, inda daga baya ta ƙware a fannin binciken tsokar jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubin likita.

Aure da iyali

A 1988 ta auri Ferdinand Terfa, malamin lissafi, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Sun koma Lafia a 1997.

Aikin da ya fito da sunanta

A watan Yulin 2014 aka kawo asibitin da take aiki a Lafia wata matar makiyayi daga Keana, mai suna Usaina Bobbo, wadda ta shekara uku ana ba ta maganin gyambon ciki, jininta kuma yana ta raguwa. Da hanjinta ya toshe aka yi mata tiyata, aka yanke wani ɓangare, aka aika wa Dakta Ngodoo. Kwana biyu tana nazarinsa kafin ta bayyana cewa ciwon daji ne na ƙaramin hanji, irin wanda likita kan gama aikinsa bai gani ba. Abokan aikinta suka ce tarin fuka ne da ya kama hanji, har sun rubuta magani. Ta ƙi sa hannu, ta ɗauki samfurin hanjin da kanta zuwa Abuja domin a sake bincikarsa. Ranar da sakamako ya gaskata ta, an gan ta tana gudu a barandar asibiti da takarda a hannu, tana da shekara hamsin da biyar, har ta isa gadon Usaina ta ce, "'Yata, mun gano shi, kuma bai bazu ba." Usaina ta warke, ta koma rugarsu.

Daga nan likitocin Lafia da kewaye suka riƙa turo mata samfura. Kafin ta yi ritaya a 2019 ta gano irin wannan ciwo a jikin mutum bakwai, biyar daga cikinsu da wuri.

Rasuwa

Ta rasu ranar 3 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a Awe kusa da mahaifiyarta. Ta bar mijinta da 'ya'yanta: Iorwuese, Msurshima, Collins, da auta Doofan, wadda ta zana jarrabawarta ta ƙarshe ta zama likita kwana tara bayan jana'izar.