Hannun da Na Sa a Littafin Gyaran Jirginmu

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamarmu a yankin Roni, tsohon malamin gona, mai jin cewa duk cikinmu babu wanda ya kai ni wayewa saboda ni ke karanta takardar Turanci. Mun haɗa kuɗi mun sayi jirgin feshi mara matuƙi, irin mai farfela huɗu, kowace da ɗan injinta. Wanda ya fi kowa zuba kuɗi wani dattijo ne Bafulatani daga Gwiwa, da muke kira Baffa. Bijimai biyu ya sayar ya shiga.

A daminarsa ta biyu jirgin ya fara karkarwa a sama, aka ce ni zan kai shi Kano gyara. Muna shirin ɗora shi a mota a tashar Kazaure sai Baffa ya durƙusa, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya yi tsaga biyu ƙanana a ƙarƙashin kowane inji, irin shaidar da yake yi wa shanunsa a kunne. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce jirgi ba saniya ba ne. Bai yi fushi ba. Ya ce shi dai duk abin da zai kwana a hannun baƙo sai ya yi masa shaida, ya mayar da wuƙarsa kube.

Mai shagon gyaran ya karɓe ni da lemo mai sanyi, yana ta ce mini ranka ya daɗe har kaina ya kumbura. Bayan mako uku ya kira ni ya ce injunan duka huɗu sun mutu, ya canza su da sababbi, ya faɗi kuɗin da sai da na nemi wurin zama. Muka sake bi gida gida muka tara, har da kuɗin takin wasu. Da na je, jirgin na ta ƙyalli. Ya turo mini littafin gyara, wanda ake rubuta duk abin da aka taɓa a jikin jirgi, ya ɗora yatsa inda zan sa hannu. Wallahi na tuna da tsagar Baffa. Amma shagon cike yake da masu manyan kaya, na ji kunyar in kifar da jirgi ina leƙe kamar baƙauye. Na zari biro na sa hannu ban karanta ko layi ɗaya ba.

Kwana biyu da dawowa, shinkafa ta fara fitar da kai, tsutsa ta shige ta, kowa na jiran layinsa, jirgin ya tashi ya yi karkarwar nan tasa ya faɗo cikin ruwa. Baffa ne ya tattare riga ya shiga ya ɗauko shi. Ya kifar da shi a kan kunyar gona, ya kankare fenti da farce, sai ga tsagarsa a jikin injunan nan huɗu. Wanke su kawai aka yi aka fesa fenti. Na ɗauka wannan zai nuna wa kowa an cuce mu, ashe ni zai ƙulle. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa ba a canza komai ba, ni da mai shagon muka raba kuɗin. Mutanen da na yi shekaru ina cika wa takardun taki kyauta suka daina amsa sallamata da kyau, matata ta dawo daga gidan suna tana kuka.

Na ɗauki Baffa muka koma Kano. Wannan karon babu lemo, babu ranka ya daɗe. Mutumin nan ya murje ido ya ce tsagar wuƙa ai ko jiya ana iya yin ta. Ya buɗe littafin ya karanta mini a gaban ma'aikatansa cewa na duba sababbin injuna, na ga lambobinsu sun yi daidai, na kuma karɓi tsofaffin na tafi da su. Ga sa hannuna a ƙasa, ɓaro-ɓaro. Ya ce in lambobin da ke jikin jirgin yanzu sun saɓa, to mu muka canza a gida. Har da ƙara mana wani kuɗi, wai na ajiyar jirgin mako uku da ya manta bai saka ba. Na daki teburinsa, na ce Allah ya isa, ya ce in je duk inda zan je. Na kuwa je. Duk wanda na kai wa ƙara sai ya tambaye ni ko hannuna ne, in na ce e, sai ya rufe takarda ya ba ni haƙuri.

A taron ƙungiya ana ta hayaniya, wasu na cewa a kai ni gaban hukuma, sai Baffa ya miƙe. Ya ce shi ya kalli fuskata sa'ad da fenti ya kankaru, kuma ya san fuskar ɓarawo, domin ya sha kama ɓarayin shanu. Ya ce wannan ba ɓarawo ba ne, sakarai ne kawai. Aka fashe da dariya, maganar sata ta mutu a nan. Ni mai Turanci, sai da na tashi na durƙusa na gode wa mutumin da ya kira ni sakarai a bainar jama'a, domin ita ce kalma mafi daɗi da na ji a watan. Na sayar da rabin fadamata aka gyara jirgin a wani wuri, na ajiye sakatarci. Shinkafar mutane da tsutsa ta cinye kuwa ba ni da abin biya.

Har yau in na tuna mai shagon nan sai bacci ya ƙaurace mini, ban yafe masa ba, mu haɗu gaban Allah. Amma na fi jin haushin kaina. Kunyar mara kunya asara ce, kuma ba ni kaɗai na yi asarar ba. Duk wanda aka ba amanar kayan jama'a ya kai gyara, ya yi musu shaida, ya rubuta lambobinsu kafin ya bar gida, ya ce a miƙo masa tsohon da aka cire a hannu, kuma kada ya sa hannu a littafin da bai karanta ba ko da gwamna ne ke tsaye yana kallonsa. Baffa ya rasu bara. Kafin nan ya aiko mini da wuƙar, ba tare da wani saƙo ba. Ko injin ban-ruwa zan kai gyara yanzu, sai na durƙusa a gaban kowa na yi masa tsaga biyu.