Tafin Hannun Baba a Kan Fitilar Birki

Babanmu direba ne, kuma ko bayan ya aje aiki bai yarda a ce masa tsohon direba ba. Ya yi shekaru yana jan motar likita a ƙauyukan Arewa, daga Dogon Dutsi har inda hanya ke ƙarewa a bi sawun amalanke, kuma babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa taka ko kazar wani ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar mota mai ruwan toka, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, mai ƙorafin tsiya. Ƙofa ba ta rufu da kyau ba, ta yi ƙara. Mai ya yi ƙasa, ta yi ƙara. Innarmu ta ce ba ta taɓa ganin ƙarfe mai tsegumi irin wannan ba. Shi kuwa abin da ya sa yake sonta ke nan, wai ita ba ta ɓoye ciwonta.

Yana da wata al'ada ta kowace safiya. In ya dawo daga masallaci ya sha kununsa, sai ya fito da wata guntuwar ƙotar hauya da ta yi sumul don tsufa, ya tokare ta tsakanin kujera da birki, ya zagaya bayan motar. Tun zamanin aikinsa yake haka, don a daji ba ka da wanda zai taka maka birki ka duba ko fitilun baya suna kamawa. Da muna yara kallo ɗaya yake yi musu ya wuce. A 'yan shekarun nan kuwa sai na ga yana ɗora tafin hannunsa a kan jar fitilar, ya daɗe a tsaye yana motsa baki, ya koma ta ɗaya gefen ya yi haka. Na ɗauka addu'a ce. Har tsokanarsa nake yi, in ce Baba, ko jikokinka ba ka shafa musu kai haka.

Ni ce babbar ɗiyarsa mace, sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, nan cikin gari, gidana kuma bai fi tafiyar minti biyar daga nasu ba. Shi ya koya mini tuƙi da kansa, da faɗa da komai, har na samu parmi, takardar izinin tuƙi.

Maganar da ta hana mu sukuni a lokacin ita ce idonsa. Ba wanda ya isa ya tayar da ita a gabansa, amma kowa ya lura. Sai ya wuce abokinsa a hanya bai ɗaga hannu ba. Sai ya zuba shayi ya sauka a gefen kofi. Ga shi da damina duk mako sai ya ja motar nan zuwa Geceme, garinsu, ya dubo gonar hatsinsa, shi da Inna a gefe. Yayana da ke Yamai kullum cikin waya yake, a karɓe makullin nan kafin a yi abin da za a yi da-na-sani. Na ce masa bismilla, ga hanya, ka zo ka karɓa. Daga Yamai kowa jarumi ne. Ni da nake ganin fuskar tsohon nan in ya zauna bayan sitiyari, na san makullin ba ƙarfe ba ne kawai a wurinsa, kuma gaskiya ba ni da zuciyar da zan miƙa hannu in ce ba ni.

Ana haka wata ranar kasuwa amalanken jaki ya gitta masa a bakin kwalta, bai gani da wuri ba, ya danne birki da ƙarfi, wani ɗan kabu-kabu da ke bayansa a kan babur ya zo ya daki motar. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ɗan kabu-kabun ya yi ta rantsuwa bai ga wutar birki ba. Baba ya dawo gida yana faɗin yaran yanzu ba su san tazara ba.

Nan dabarata ta motsa, kuma da ma an san ni da dabarar da ba a tambaye ni ba. Na ce tunda ba zan iya gyara gabansa ba, bari in gyara bayansa. Ranar wata Juma'a na ari motar da sunan zan ɗauko littattafan 'yan aji, na wuce wurin wani mai sayar da kayan mota a bakin hanya. Ya nuna mini sababbin ƙwayayen fitila, irin na zamani masu ɗigo-ɗigo, ya ce ko da tsakar rana ana hango su daga nesa, ba sa zafi, ba sa cin batir. Na ce sa mini a birki, duka biyu. Ya sa, na taka, sai ga ja kamar garwashi. Tsofaffin kuma ya naɗe mini a takarda na jefa cikin jaka.

Ban yi nisa ba na taka birki, motar ta yi ƙararta, wata alama ruwan ɗorawa mai zanen ƙwan fitila ta fito a tablo, wato allon da ke gaban direba. Na juya na koma. Mutumin ya leƙa, ya zagaya baya, ya ce hajiya ga wuta nan tana ci, in motar ta saba da su alamar za ta ɗauke da kanta. Na yarda, don ina so in yarda. Na aje motar a ƙofar gida, na rataye makulli a ƙusarsa, na yi tafiyata ban ce wa kowa komai ba.

Washegari Asabar, ranar zuwa Geceme. Da hantsi Inna ta kira ni a waya ta ce in zo, babanki ya hana kansa karin kumallo, wai mota ba lafiya. Na iske shi a ƙofar gida, da hular aikinsa, ƙotar hauya a hannu. Ya ce, "Uwata, jiya kin ji motar nan ta yi kuka?" Na ce na ji kamar ta yi. Ya ce wutar birki ce ta mutu, duka biyu, tablo ya faɗa kuma shi ma ya duba. Ba zai hau kwalta ba wutar birki ba, don haka ya kira mai gyara ya zo har gida.

Mai gyaran nan ba yaro ba ne, gemunsa ya fara furfura. A garejin ma'aikatarsu Baba ya koyi aikin wutar mota tun yana matashi, shi ya sa har yau maigida yake ce masa, kuma tun da Baba ya ce bayansa ba ya son sunkuyo, shi ke canza masa ƙananan abubuwa. Ya zo a kan babur ɗinsa, ya durƙusa suka gaisa, ya tambayi Inna da gona. Baba ya kunna motar, ya tokare birki da ƙotar, muka zagaya baya mu uku.

Fitilun nan biyu suna ci, ja wur, har suna haska gaban rigar Baba. Ya ɗora tafinsa a kan ta dama, ya jira. Ya koma ta hagu, ya jira. Sannan ya ce, "Ka gani ko? Shiru. Duka biyu lokaci guda, ba ƙwai ba ne, ka fara da fis."

Mai gyaran ya dubi fitilun, ya dube ni. Ni kuwa a lokacin ne na gane abin da hannun nan yake yi duk safiyar Allah. Ba addu'a ba ce. Ɗumin ƙwan yake jira ya ratso murfin ya taɓa tafinsa.

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Bai tona ba, ya ce to, maigida. Ya buɗe akwatin fis, ƙananan abubuwan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya ciro na birki, ya ɗaga shi sama, ya ce wannan lafiyarsa lau. Baba ya ce to duba mas, wato wayar da ke kama jikin mota, damina ce, tsatsa kan ci wurin. Mai gyaran ya kwance, ya kankare, ya mayar, alamar tana nan a tablo. Baba ya ce saura mazaunin ƙwan, wataƙila ruwa ya shiga. Duk abin da Baba ya lissafa hanya ce ta gaskiya, haka ake bin irin wannan matsala, ɗaya bayan ɗaya, kuma mai gyaran ya bi shi tiryan-tiryan kamar bai san inda za a ƙare ba. Ni ina tsaye ina ji kamar in nutse.

Da ya buɗe bayan fitilar ya zaro ƙwan, sai ya sa wa Baba a hannu. Baba ya murza shi da yatsu, ya kawo shi dab da fuskarsa.

"Wannan kuma mi ne ne?"

"Irin na zamani ne, maigida. Wutar da suke ci kaɗan ce ƙwarai. Ita kuma motar nan ba ganin ƙwan take ba, wutar da ya ja take aunawa. In ta ji bai ja yadda ta saba ba, sai ta ɗauka ya mutu, ta kunna alama. Ƙarya ce tablo yake yi, amma ba da gangan ba."

"Ba su zafi?"

"Ba su yi, maigida."

Wata akuya ta zo ta wuce tsakaninmu. Baba ya juya wajen ɗaya fitilar da ba a taɓa ba, wadda har yanzu take ci, ya ce, "Waccan tana kamawa?"

Mai gyaran ya sunkuyar da kai. "Tana kamawa."

"Tun ɗazu?"

"Tun ɗazu, maigida."

Ban jira a tambayi wanda ya sa su ba. Na ce Baba ni ce, jiya na sa aka canza, saboda ɗan kabu-kabun nan, ka yi mini gafara. Ina jiran faɗa, kuma wallahi da ya yi faɗan da na fi jin daɗi. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci, ya dafa motar. Ya ce, "Ashe ni da ke duk lalube muke yi." Da motar yake, ba da ni ba.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce damina biyu ke nan, in rana ta fito komai fari yake zame masa, kamar an shanya mayafi a gabansa. Na ce to hanyar Geceme fa? Inna da ta fito tana tsaye a bakin zaure ta ce, "Ni ke faɗa mishi. In ce ga shanu can, in ce wancan mai keken bai da hankali. Kin zaci surutu ne kawai ke kai ni gona?" Raina ya ɓaci da su duka biyun, tsofaffi biyu sun haɗa baki suna yawo da ransu a kan hanya, kuma a lokaci guda na ji ina son su ƙwarai. Na rasa wanda zan fara yi wa faɗa, sai kawai na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, ni da ɗiyata ta kusa aure.

Baba ya ce kuka ba ya gyara mota, ina tsofaffin ƙwayayen? Na zaro su daga jaka a takardarsu. Mai gyaran ya ce akwai wani ɗan abu da ake haɗa wa sababbin su riƙa jan wuta yadda motar za ta yarda da su, in ana so ya nemo. Baba ya ce a'a, a mayar mata da nata. Aka mayar. Aka kashe motar aka sake kunnawa, aka taka birki, ba ƙara, tablo ya yi tas. Baba ya zagaya ya ɗora hannu, ya jira, ya gyaɗa kai.

Da mai gyaran ya tafi, Baba ya shiga motar ya zare makullin. Na zaci ƙusa zai kai shi. Ya tsaya yana juya shi a hannu, ya daɗe, har Inna ta koma ciki don kada ta gani. Sannan ya kamo hannuna ya sa mini, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Rana tana yi, Uwata. Hatsi ba ya jira." Ya buɗe ƙofar gefen da bai taɓa zama ba, ya shiga, ya yi ta laluben inda ake matsar da kujera.

Daga nan har Geceme bai bar ni na huta ba. Wai na saki kuloci da garaje, na shiga rami da gangan, wa ya koya mini tuƙi haka. Na ce wani tsoho ne mai faɗan tsiya. Inna tana baya tana ba ni labarin shanu da masu keke, don bakinta ya riga ya saba.

Yayana da ya ji ya yi ta yaba mini, wai na yi ƙoƙari. Ban faɗa masa yadda aka yi ba, kuma har yau in na tuna fuskar Baba yana tambaya ko waccan tana kamawa, sai in ji kunyar kaina.

Ƙotar hauyar tana nan bayan ƙofar zaure, ba a ƙara fito da ita ba. Duk ranar da za mu gona, in na zo da safe na kunna motar, sai ya zagaya baya ya ce, taka, Uwata. In taka in riƙe. Ina hango shi a madubi, ya ɗora tafinsa a dama, ya koma hagu. Tsofaffin ƙwayayen nan suna daɗewa kafin su ɗumama murfin, wani lokaci har ƙafata ta fara rawa. Ba na ɗagawa sai na ji ya ƙwanƙwasa bayan motar sau biyu.