Igiyar da Surukina Ya Kitsa

Shekara tara ina busa wa samarin ƙauyukanmu wasan ƙwallo da usur na yatsa, wanda ake zura wa yatsu biyu kamar zobe. Ni malamin firamare ne a Kankia, haifaffen Fakuwa. Alƙalancin ƙwallo bai taɓa ba ni komai ba sai lemo mai ɗumi da zafin rana a ƙeya. Abin taƙamata ɗaya ne, ko waɗanda aka ci sukan ce Malam ba ya son kai. Sunan nan ya fi mini albashina.

Usur na yatsa ba ya ɓata lokaci. Ido ya gani, hannu ya kai baki, shi ke nan. Mai igiya kuwa na tsane shi, don in kana gudu lilo yake yi a wuya, sai ka lalubo shi.

Surukina baduku ne a Dudunni. Bai taɓa kallon ƙwallo ba, amma ya ji an ce mijin 'yarsa alƙali ne, sai ya tambayi yara abin da irinmu ke ratayawa. Da muka je gaisuwar Sallah, ya miƙo mini jar igiyar fata mai ɗan tuntu. Kwana shida ya yi yana kitsa ta, in ji matata. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa, ta ina zan ce masa ba na so?

Bayan an gama girbi aka haɗa Fakuwa da Dudunni a wani fili a Kusada. Duka ɓangarorin suka ce ni suke so, tunda nan gida ne, can ma gida. Ina isa na hango tsohon a kan tabarma a bakin fili. Ya zo ganin igiyarsa.

Na tsaya bayan wata bishiyar bedi, usur na yatsa a dama, igiya a hagu. In na ajiye ta, na watsa wa dattijo ƙasa a ido a gaban mutanensa. In na rataya, Fakuwa kaf sun san aikin hannun wane ne. Gaba kura, baya sayaki. Na cusa na yatsan a aljihu, na ɗaura wani usur a igiyar, na rataya ta.

Ɗan yayana, kyaftin ɗin Fakuwa, ya dube ni ya ce, "Baba, halan yau da linzamin Dudunni za ka busa mamu?"

Na ce ya kama kansa, amma maganar ta zauna mini.

Saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci. Ƙanin matata, mai buga wa Dudunni gaba, ya tare ƙwallo da hannu kusa da raga. Na gani sarai. Hannuna ya tafi baki yadda ya saba, na hura yatsu wayam. Na lalubi ƙirji, ashe usur ya juya baya. Kafin in jawo shi, ƙwallo tana raga, mutanen Dudunni sun cika fili.

Zuwa nan laifin igiya ne, kuma haka nake faɗa wa mutane. Amma doka ta ba ni damar soke cin, ga usur ya zo hannu. Na waiwaya, na ga tsohon ya miƙe tsaye yana murmushi, bai ma san abin da ya faru ba. Na nuna tsakiyar fili, alamar cin ya tabbata.

Tun ranar Fakuwa ba su sake kirana ba. Ɗan yayana yana gaishe ni, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya zage ni, kuma wallahi da sun zaga da ya fi mini sauƙi.

Sallar da ta biyo muka koma Dudunni. Ina durƙushe tsohon ya ce, "Malam, yara sun ce kai ka ruhe mamu asiri. Allah shi yi ma albarka. Na ga zuhwa ta ci waccan."

Ya miƙo sabuwa, ta fi ta farko kauri. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Na gode, Baba."