Baba Ajimi da jitar da ta zaunar da uwata

Ƙarfe bakwai na safe Baba Ajimi yake buɗe shagonsa a unguwar Maisandari. Kafin ya taɓa komai sai ya yayyafa ruwa a ƙofa ya share, ya fito da benci ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya hura gawayi ya cusa ƙarfen liƙa waya a ciki. A kawo wuta ko kada a kawo, shi bai taɓa zaman jiranta ba. Daga nan ya maƙala tabaransa da aka ɗaure wa ƙafa da waya, ya zauna jiran marasa lafiyarsa: rediyo, lasifikar masallaci, piyanon coci, amfilifayar masu kiɗan biki. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don ido ya gaji, hannu kuma ya fara rawa. Ni dai ban yarda ya rufe ƙofar nan shiru ba tare da an faɗi ko wane ne shi ba.

Sunana Pindar. Jitar bes nake kaɗawa, wato jitar nan mai kaurin murya wadda mutum ya fi jin ta a ƙirji fiye da kunne. Lahadi ina coci, sauran ranaku ina gidan biki, duk inda aka kira mu. Tun ina koyo nake kai wa Baba Ajimi kaya gyara, kuma tun lokacin yake yi mini tsiya cewa yatsuna sun fi kaina sauri.

Shi bai iya kiɗa ba, ba ya zuwa wajen rawa, sallarsa ba ta wuce shi. Amma ka kaɗa tsirkiya ɗaya, yana duƙe a kan wani aikin zai ce maka, "Wayar cikin nan ta kusa tsinkewa," a buɗe kuma a tarar haka ne. Kellu mai ƙosai da ke gefen shagonsa ta ba ni labarin watannin da aka katse layin waya a garin nan, lokacin da kowa ya koma ga rediyo don jin halin da danginsa ke ciki. Ta ce layi har bakin titi, tsohon nan sai la'asar yake tuna bai karya ba, sai ta tura masa ƙosai da faɗa. A kan teburinsa lasifikar liman da ta fasto suke kwana gefe da gefe, bai taɓa tambayar ta wace ce za a fara gyarawa ba. Wadda ta riga zuwa ita ce ta farko.

Abin da ya yi mini ni kuwa, sai na fara da uwata.

Mama Phoebe daddawa take sayarwa. A shekarar 2014 tana zaune a rumfarta bam ya tashi a kasuwa, layi biyu tsakaninsu. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, muka yi ta godiya ga Allah. Lahadin da ta biyo baya muna coci, aka ɗauko waƙa, na saki tsirkiyar farko. Kwanon rufi ya amsa, gilasan taga suka kaɗa. Ina ɗaga kai na ga uwata a ƙarƙashin benci, ta rufe kai da hannuwa. Mata suka fitar da ita.

Daga ranar ba ta ƙara zama a ciki lokacin waƙa ba. Sai ta ɗauki kujerarta ta zauna can bakin ƙofar shiga inda ake binciken mutane, sai an fara wa'azi ta shigo. In na yi magana ta ce, "Iska nake sha, ɗana, ka yi aikinka." Shekara biyu muna haka. Matar da ta sayar da akuyarta ta saya mini jitar koyo, ita ce sautin hannuna yake kora waje. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ban kuma san yadda zan yi ba.

Ba ita kaɗai ba ce ma mai zaman wajen, dattawan coci har sun fara maganar a cire bes gaba ɗaya. Ana cikin haka 'yan cocinmu da ke aiki a Legas suka aiko cewa a zaɓi sabuwar jita, mai kyau ta gaske, su za su saya. Wani dillalin kayan kiɗa mai suna Wilson ya taho da guda uku daga Jos don a gwada. Na ce a sauke su a shagon Baba Ajimi. Gaskiya ba shawara na je nema ba, so nake ya yaba zaɓina, don tun a cikin akwati na riga na mutu a kan wata ja mai tsirkiya biyar da maɓallai ruwan zinare.

Tsohon bai ko kalli launinta ba. Ya aika aka karɓo masa faranti da gero cikin tafin hannu, ya ɗora a kan sifika, ya jona jar, ya ce in kaɗa. Na kaɗa. Geron ya yi tsalle ya watse a ƙasa, kajin Kellu suka taho da gudu.

"Madalla," in ji shi. "Ka ciyar da kaji. Yanzu faɗa mini, ɗana, wa kake so ya saurare ka?"

Na gane inda ya dosa, don ya san labarin Mama.

Ta biyu baƙa ce, muryarta da daɗi, amma ya murɗa nan ya murɗa can ya ce murya ɗaya gare ta. Za ta yi a coci, amma a gidan biki ganga da algaita za su haɗiye ta. Ta ukun ko fenti babu, launin katako kawai, ni ko kallo ba ta ishe ni ba. Ita ya daɗe a kanta, ido a rufe. Ya nuna mini maɓallin da ke rage rugugin ƙasa ba tare da muryar ta rame ba, da wanda ke fito da tsakiyar sauti yadda za a ji ta cikin ganguna, da wani ɗan makunni da ke sa ta yi aiki ko babu batir. Ya ce, "Ranar da aka rufe hanyar Damaturu kaya suka daina shigowa, ina za ka samo batir ɗinta?" Wilson ya yi dariya ya ce shi kansa bai san da wannan ba.

Sannan ya kama maɓallin ƙara sauti. Na jar, kana taɓawa sai ta daka tsawa. Na wannan kuwa a hankali yake hawa, kamar ana zuba ruwa a tulu.

"Ba kaurin ne ke firgita mutum ba," ya ce. "Zuwan ba-zata ne. Ni nan da kake gani, in iska ta buga ƙofa sai abin hannuna ya faɗi. Amma ba ni zan yanke ba, ba kai ba. Ka kawo mahaifiyarka."

Na ce ba za ta zo ba, ni ma ba zan so a tayar mata da hankali ba. Bai yi gardama da ni ba. Washegari da hantsi ya rufe shago, ya hau Keke Napep har gidanmu, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ban san me ya faɗa wa Mama ba. Na dai ga ta ɗauko mayafi.

A ƙarƙashin darbejiyar nan ya zaunar da mu a benci ɗaya. Ya ɗora mini jitar nan marar fenti a cinya, ya mayar da sautin ƙasa gaba ɗaya, ya nuna mata maɓallin.

"Maman Pindar, riƙe nan. Yau ke ce mai izini. Kin murɗa gaba, ta yi magana. Kin murɗa baya, ta yi shiru. Ba abin da zai fito sai da yardarki."

Na fara kaɗa wata waƙar coci da take so, babu sauti, sai motsin katako a ƙarƙashin hannunta.  Ta murɗa kaɗan, ta mayar da sauri. Baba Ajimi ya juya ya ci gaba da gyaran wata rediyo kamar ba ya wurin, Kellu ma ta kau da kai. Mama ta sake murɗawa, ta sake mayarwa. A karo na uku ta bar shi. Can sai na ji tana bin waƙar a maƙogwaro, da Bura, harshenmu na gida. Da muka kai ƙarshe ta dube ni ta ce, "Ashe waƙa ce."

Kuka na yi, a gaban mai ƙosai da dillali da kowa, ban kuma ji kunya ba. Jar jitar ta koma Jos.

Baba, kai ne ba ka tsaya nan ba. Kai ne ka zo cocinmu ranar Asabar da guduma da tsofaffin tayoyi, ka ɗaga sifika daga ƙasa ka ɗora a kansu don kada daɓe ya riƙa girgiza. Kai ne ka bi tagogi ɗaya bayan ɗaya kana cusa roba a bakin gilasai, ka sa aka hau aka buga wa kwanon da ke kaɗawa ƙusa. Ka yanko soso ka tura ƙarƙashin tsirkiyoyina. Ka ja kunnena ka ce in bar muryoyi su fara shiga, in ɗaga hannu kowa ya gani kafin in taɓa tsirkiya, in kuma taso daga ƙasa. Da fasto ya rasa bakin godiya, cewa ka yi a nuna maka inda za ka yi alwala, azahar ta yi. Likitan sauti, mai jin abin da masu kiɗan ba su ji ba.

Lahadin farko Mama ta tsaya a bakin ƙofa. Ta biyu ta zauna a bencin ƙarshe, jakarta a hannu, a shirye take ta fita. Ba ta fita ba. Sauran da ke zaman waje su ma suka riƙa shigowa da ɗaiɗai, maganar cire bes ta mutu. Jitar nan kuwa har yau ita nake ɗauka, na kaɗa ta a bikin Barebari, na kaɗa ta a rawar mutanenmu, ba inda ta ba ni kunya.

Na gode, Baba Ajimi. Allah ya ba idon nan sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu sana'a a garin nan, matasa irina masu son abu mai ƙyalli, kafin ku ce wa mutum ga wanda ya fi kyau, ku tambaya wa zai zauna a gaban abin, da kuma abin da ya gani a shekarun nan. Shagon yana buɗe har ƙarshen wata, duk wanda tsohon nan ya taɓa gyara wa wani abu ya je ya gaishe shi.

Ni na je shekaranjiya, na kai masa ƙara. Na ce Mama yanzu a benci na biyu take zama, dab da sifika, kuma Lahadin da ta wuce ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Pindar, yau ban ji ka sosai ba. Rowar sautin kake yi mana?"

Ya cire tabarau ya goge ido, ya daɗe yana dariya.

"To, ka ƙara mata," ya ce. "Amma a hankali."