Shekarar da Yaya Dije Ta Ƙi Suyar Kifi

Da daminar bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Dije makwancinta a Tafoki. Ita ce babbar yayata, ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har na yi furfura ba ta daina ce mini Auta ba. Duk sanda na ji a rediyo wai yaƙi a wata ƙasa mai nisa ya sa taki ya yi tsada, ko jiragen ruwa sun kasa kawo kaya, ita ke faɗo mini a rai, don mun taɓa ganin irin wannan tare.

Zamanin da kuɗin fetur suka cika ƙasa, ni direban babbar mota ne a wurin wani Alhaji a Ƙanƙara. Ikko nake zuwa in ɗauko shinkafar waje da man girki na gwangwani da daskararren kifin teku a kwali. Ita kuwa mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya. Gyaɗa take nomawa, ta matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli. Sai wata damina kuturta ta faɗa wa gyaɗa. Ganye ya murɗe ya yi rawaya, in ka tuge ba ka samun ko ƙwaya. Daga Faskari har Daudawa haka abin yake. Maza suka jingine fartanya suka tafi birni leburanci, mata masu mai suka koma suyar kifin kwali.

Na je na ce mata ta bi sahu, ni zan riƙa sauke mata kifi har ƙofar gida. Ta ce, "Auta, kifin nan wa ke kama shi?" Na ce Turawa, can cikin teku. Ta ce, "To ran da suka fasa, wurin wa za ni ƙara? Gyaɗa ko ta ƙi ni, na san inda take, zan tahi in same ta."

Ta sa na kai ta wani ƙauye bayan Sabuwa, inda aka ce cutar ba ta yi ƙarfi ba. Hanya ba kyau, muka ƙarasa a ƙasa. Ta ba da awakinta ta karɓo iri. Ƙanen mijinta, Baba Isuhu, ya ce za ta kashe marayu da taurin kai, gara ta sakar masa gonar. Ta ce masa gonar marayu ce, kuma uwarsu ba ta mutu ba tukuna. Ta shuka, rabi ya sake lalacewa. A rani yara suka sha fate-fate ba mai, irin kuwa na cikin tulu ta liƙe bakinsa da laka, ba wanda ya isa ya taɓa. Ruwan farko na sauka ta sake shukawa.

A shekarar ce kaya suka tsaya. Jirage suka cunkushe a bakin teku, muka yi ta zaman jira a Ikko, ɗan kifin da na samu kuma ya ruɓe kafin in kai Zariya. Na dawo da mota wayam. Kaskon mata ya bushe, man gwangwani ya ɓace a kasuwa, gyaɗar Yaya kuwa ta yi kyau a wannan karon, sai ga gidanta ya cika da masu kwalba suna neman mai. Ba ta yi wa kowa gori ba. Da bazara ta kama, duk matar da ta zo neman iri sai ta auna mata, ta ce, "Na ba ki don ƙasa. In na ji kin soya, kada ki ƙara gaishe ni." Har gidan Baba Isuhu ta aika da nasu.

Yau abin da ke raba mu da gona ya fi kuturta muni. 'Yan bindiga sun tsaya tsakaninmu da daji, masu magana daga nesa kuma suna cewa mu kwantar da hankalinmu, za a shigo da abinci daga waje. Na san Yaya ba za ta ce kowa ya kai kansa ga halaka ba, mace ce mai tsoron Allah da sanin darajar rai. Amma ba za ta yarda a mai da mu masu jiran mota ba.

Ba ta bar dukiya ba, gonar ma shekara uku ba mu taka ta ba. Abin da ta bari na gan shi watan jiya a wurin jikarta Hassana. Ta sa an rushe tsohon garken bayan gida, ta nome filin kaf har gindin katanga don ta shuka gyaɗa. Na ce wannan ɗan wuri me zai ba ki? Ba ta ko ɗago daga kunyar da take yi ba, ta ce, "Kaka, zai ba ni irin da zan koma gonarmu da shi."

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya nuna mana wannan ranar.