Amsar da Yaya ya ba ni

'Yata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba. Ita ta ba ni labarin mutanen Yunan na dā, wai a tatsuniyarsu akwai wata 'yar aike tsakanin gumakansu, bakan gizo ne hanyarta, har lahira tana kai saƙo ta dawo. Na yi a'uziyya, amma aikin nata na san shi.

Shekara da shekaru ni ce 'yar aike tsakanin maigidana da yayansa a unguwar Karantina, nan ƙasa mai tsarki. Wata magana ce ta fita ranar jana'izar mahaifiyarsu, tun daga nan ba su ƙara gaisawa ba, alhali lungu biyu ne tsakaninmu. In an yi haihuwa, ni zan je. In azumi ya zo, ni zan kai kunu in dawo da dabino. Yaya yakan dube ni ya ce, "To, jakadiya, me mai taurin kan ya ce?" Nakan rage wa magana zafi a hanya kafin in isa.

Da aka rushe Karantina kowa ya kama gabansa. Yaya ya koma wurin 'yarsa a unguwar Sa'alaba, mu muka sami ɗaki bayan kasuwar Bab Makka. A nan ciwo ya kwantar da maigida. Wata safiya ya kama hannuna ya ce, "Ki je ki ce wa Yaya ya yafe mini. Ban da waya. Da ƙafarki." A wurinmu ba a aika neman gafara ta waya. Na ce sai jikinsa ya yi sauƙi. Kwana uku bayan nan ya rasu, na shiga takaba da saƙon a bakina, wata huɗu da kwana goma ba fita.

Ranar da na fita takaba na hau mota zuwa Sa'alaba. 'Yarsa ta tare ni a ƙofa. "Inna, mun gaya masa rasuwar ya fi sau goma. Ya yi kuka, gari ya waye ya manta. Halas, shi ke nan, mun daina."

Na same shi zaune a tabarma, ya rame. Ya gane ni.

"Jakadiya. Me ya ce?"

"Yaya, ya ce ka yafe masa."

Ya daɗe yana murza carbi. "Sai yanzu? Ki ce masa ya zo da kansa. Ƙafarsa ba ta karye ba. In ya zo, magana ta ƙare."

Ban taɓa ƙara wa saƙo abin da ba a faɗa ba, ragewa kawai nake yi. Na ce, "To, Yaya."

Na gaji. Amsar tana nan wurina har yau, ita waccan ta tatsuniya ce kaɗai ta san hanyar kai irinta. Ranar Juma'a zan sake komawa Sa'alaba, ko Allah zai sa in tarar da shi ya sauko ya yafe.